Yadda Ake Shanye Kalmomin Angile Kafin Bepese

Kai da jarrabawar bepese ta tunkaro, kalmomin angile, wato Turanci, kuma suke maka kama da juna kamar 'ya'yan zabi, kwantar da hankalinka. Na yi zaman Jibiya, na ci tuwo da masu Turanci a kwano ɗaya, don haka na ba ka tabbacin ci muddin ka bi matakan nan. Da su na horar da Misbahu ɗan Na Allah na Cake, wanda ubansa ya rantse in ya sake faɗuwa bana to shi da lakwal, wato makarantar boko, har abada.

1. Gane makircin
Za a ba ka jimla mai rami a tsakiya, a jero maka kalmomi huɗu ka cike ramin da ɗaya. Ka duba ƙamus: ta farko kallo, ta biyu kallo, ta uku kallo da zura ido, ta huɗu kallon da ake yi a sace. Wani Bature ne da ba ya noma ya zauna ya raba kallo gida huɗu don ɗan talaka ya maimaita aji. Madam Sa'adatu mai koyar da angile za ta ce ka karanta jimlar duka, ka ga wa ke kallon, me yake kallo. Ka ce mata to. Albashi take ci a kan faɗin haka.

2. Girmama doguwa
Kalma mai tsawo ta fi ilimi. Gajeru na 'yan tasha ne.

3. Nemi 'yar gida
Wadda ta yi kama da Faransanci dangin malamanka ce, ka rungume ta. Misbahu ya gwada wannan a jarrabawar gwaji, Madam ta ja masa jan biro tun daga sama har ƙasa, ta ce kama da juna ba zumunta ba ce. Na gaya masa hassada ce kawai.

4. Sha
Nan sirrin yake. Kai ba ya riƙe angile, ciki ke riƙewa. Rubuta kalmomin da alli a allon lakwal, ka wanke a ƙwarya, ka shanye kafin karin kumallo. Kada ka kai wa malamin unguwa. Na kai wa namu, ya kore ni da sanda. Misbahu yaro ne mai himma: maimakon ya sha ɗaya ɗaya, sai ya dama su duka a cikin fura, har uwarsa ta ƙara masa nono don ilimin ya shiga da kyau. Ban hana shi ba, tsorona kada in kashe masa gwiwa.

5. Saurari cikinka ranar jarrabawa
Ɗora bakin biro kan kowace kalma, ka yi shiru. Wadda cikinka ya motsa a kanta, ita ce. A Mayahi Misbahu ya zauna tasa. Da ya fito na tare shi a bakin ƙofa, fuskarsa duk gumi.

"Kawu, huɗun duka sunka taso mini tare," in ji shi. "Kowace na taɓa sai cikina shi yi ƙugi."

Na tambaye shi wace ya zaɓa. Ya ce ya zagaye su duka, don kada ya ci amanar ɗaya. Gaskiya na ji tausayinsa, yaron akwai ladabi.

6. Karɓi sakamako da mutunci
Ranar da aka kira sunayen waɗanda suka ci, Misbahu ya tsaya har aka naɗe takarda, filin ya watse. Na Allah bai yi faɗa ba. Ya karɓi jakar littattafan ya miƙa wa ƙanwar yaron, ya ce wa Misbahu, "Gobe ka tahi ka nemi abin yi."

Sanarwa
Ni ban ce kowa ya dama da fura ba. Ciwon ciki, jan biro, da fushin uba duk ba su shafe ni ba, kuma ba na amsa kiran mai gari. Amma in ka bi matakan nan aka sallame ka daga lakwal, ka same ni a tashar Gidan Amumune, ina da baburan kabu-kabu da ke neman matuƙa. Ja ɗin an riga an ɗauka, Misbahu ke tuƙa shi.