Aljanin Garwar Wankan Jego

Duk tsufan da zan yi, ba zan taɓa mantawa da daminar da Yaya Hajara ta zo wankan gida ba. Lokacin ina ajin ƙarshe a makarantar koyon sana'a a Kano, sashen lantarki, na dawo Haɗeja hutu ina ji da kaina. Ba a daɗe da jawo wuta unguwarmu ba, don haka duk wanda ƙwan ɗakinsa ya mutu ni yake nema. (Har sukundireba nake maƙalawa a aljihun gaba, ko masallaci za ni.)

Yaya ta haifi ɗanta na fari, aka kawo ta daga garin Malam Madori. Kogi kuwa ya cika ya shafe fadama, itacen garin duk ya jiƙe. Safe da yamma Inna na durƙushe gaban murhu tana hura wutar ruwan wanka, hayaki ya mai da idanunta jajur. Na ce a raina, da injiniya a gida ake wannan wahala?

Akwai wani tsohon rishon lantarki da wani abokin Baba ya ba shi, an jefar a zaure domin ba shi da saiti, in ka kunna sai ya yi ja har ya nemi narkewa. Na zana yadda zan sarrafa shi a takarda, na samo falankin katako na yi allo da shi, na farke tsohuwar rediyo da dutsen guga na lantarki na kwashe kayan cikinsu, na bi na liƙe da dalma. Dabarar ita ce in ruwa ya yi zafi allon ya yanke wuta da kansa, in ya fara hucewa ya mayar. Akwai waya ta uku, wadda ke kai wutar da ta kuɓuce cikin ƙasa. Wayata ta ƙare kafin in zo kanta, sai na yanke hukuncin cewa ƙawa ce kawai ta Turawa.

Na ɗora garwa na gwada, ruwa ya tafasa, allo ya yi "ƙyas" ya yanke. Inna ta ce, "Allah Ya yi maka albarka." Ranar ko tafiyata sai da ta canza.

Washegari da hantsi Gwaggo Laure, ƙanwar Baba, wadda ke yi wa Yaya wankan, ta je ɗibar ruwa. An kwana ana ruwan sama, tsakar gida jagab, ita kuma ba takalmi. Sai muka ji ihu.

"Wayyo Allah! Wani abu ya riƙe ni! Ya fizge ni har kafaɗa!"

Inna ta ce, "Haba Laure, zafi ne." Ta miƙa hannu, ita ma ta yi tsalle da salati. Kafin a ce haka maƙwabta sun cika gidan. Wata tsohuwa ta rantse mutanen ɓoye ne ruwa ya koro daga fadama, kuma mai jego suke bi. Ni kuwa na ratso mata da ƙasaita na dafa garwar, na ce, "To ni ban ji komai ba."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Kun gani ko? Mata yake nema!"

Nan take aka fara maganar a naɗe kayan Yaya a kai ta gidan kawunmu. Ina hango ta bakin ƙofa ta ƙanƙame jariri tana hawaye. Baba ya aika aka kira Malam Liman, dattijon da ko tari ya yi unguwa sai ta nutsu.

Malam ya zo ya tsaya gaban garwa. Ya tuɓe takalmansa zai fara addu'a. A daidai nan na sunkuya na ga nawa ƙafafun cikin takalmin danƙo wanda wuta ba ta ratsawa, na dubi na Gwaggo tsirara cikin laka, na tuna waya ta uku. Na buɗe baki in ce a dakata, wallahi ko iska ba ta fito ba.

Malam ya tofa, ya yi bisimilla, ya tsoma hannu.

Ban taɓa sanin dattijo na iya tsalle haka ba. Hularsa ta faɗa cikin garwa, carbi ya yi gefe, mata suka watse har da masu faɗawa akurkin kaji. Sai a lokacin na ruga na fizge wayar daga bango.

"Allah gafarta Malam," na ce, "ba aljani ba ne. Aikina ne."

Malam na murza hannu ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Ɗan nan, a Kanon abin da ake koya muku ke nan?" Baba ya sa muciya ya tsamo hular ya matse ya miƙa wa Malam da hannu biyu. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Gwaggo kuwa cewa ta yi, "Au, ashe aljanin a gida muka haife shi."

Yaya ta ƙarasa wankanta lafiya, ni ne kuma mai faskare da hura wuta har hutu ya ƙare. Yaran unguwa suka sa mini Aljanin Garwa, sunan ya bi ni har bayan aurena.

Daga baya na yi shekaru ina aikin lantarki ba wanda ya sake yin tsalle ta dalilina. Amma abin da na koya ranar shi ne, in kai kaɗai ne ba ka ji komai ba alhali kowa na ihu, kada ka yi saurin ɗaukar kanka gwani. Bincika da kyau, mai yiwuwa kai ne matsalar.