Likkafanin Hajiya Riskuwa Ya Tafi Argungu

"Salamu alaikum, gidan rowa. An kwana lahiya?"

"Alaikumus salam. Lahiya lau munka kwana, sai da kaz zo."

Hajiya Riskuwa ba ta ko ɗaga kai daga shinkafar da take tsinta ba, muryar ta ishe ta. Maliki ne, ɗan ƙanwar mahaifinta, direban a-kori-kura mai jigilar albasa tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Ita ɗiyar namiji ce, shi ɗan mace, saboda haka tun suna yara take kiransa bawanta, shi kuma bai taɓa shiga gidanta da ke unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi ya fito hannu rabbana ba. Yanzu dukansu sun haura sittin, kuma har yau ba wanda ya yi hankali a cikinsu.

A shekarar ne gulbi ya cika ya ci fadama, ya rushe gidaje a gefen Argungu. Tun kafin a ji daga gwamnati, matan unguwa suka kafa ƙungiyar taimako, Malama Sauda na shugabanta, suna bin gida-gida suna karɓar tabarmi da tukwane da kwanuka. Maliki ya ba da motarsa kyauta don kai kayan.

"Sauda ta aiko ni," in ji shi. "Ina abin da kinka yi alkawari?"

Riskuwa ta nuna bakin ƙofa da haɓa. Kwano biyu ne da suka sha duniya, da wata tabarma da ta fara zama igiya.

Maliki ya ɗaga kwano ɗaya sama, ya leƙa ta cikin hujin da ke gindinsa. "Riskuwa, ina ganinki ta nan. Kin ƙara tsuhwa."

"Aje mini kwano. Ya girme ka."

"Shi ya sa za ni gaishe shi. Wanga ko kaza anka ba ruwa ciki sai ta kai ƙara wurin alƙali. Mutane ruwa ya ci gidansu, ke kuma kin aika musu da abin da ba ya riƙe ruwa. To, kin yi tunani."

"Bawa na ka koya ma uwargijiyatai kyauta? Kai mi kab bayar?"

"Mota sukutum."

"Waccan mota ta? Ai sadaka mutanen Argungu ka yi maka in sun tura ta."

Maliki ya miƙa wuya ya leƙa ɗakinta. Jeren Riskuwa sananne ne a unguwa. Tasoshi da kwanuka ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, suna ƙyalli, kuma ba wanda ya taɓa cin tuwo a cikin ko ɗaya. A can ƙasan jeren akwai wata babbar kwalla mai murfi, an ɗaure ta da tsohon ɗankwali. Ita kaɗai ta san abin da ke ciki. Shekara tara da suka wuce, da ta je Makka, ta sayo farin yadi turmi biyu, ta jiƙa su da zamzam ta shanya da hannunta. Ɗaya ta kawo wa Maliki tsaraba, ta ce ya daure ya yi amfani da shi da wuri. Ɗayan nata ne. Ba ta tsoron mutuwa yadda take tsoron a rufe ta a cikin wani ƙyallen da ba wannan ba, don ta san ƙafarta ba za ta sake taka Makka ba.

"Kwano nawa ɗan Adam ka cin tuwo da shi a rana guda?" in ji Maliki.

"Kai dai huɗu, na gani da idona ran sunan jikan Maigandi."

"To ke mai cin loma ukku, mi za ki yi da ɗari? Ko can za ki tahi da su ki yi ma mala'iku jere?"

Maganar ta ɗan taɓa ta, amma ba za ta bari ya gani ba. Daidai nan ƙaurin shinkafar da take turarawa a madafa ya iso. Ta miƙe tana gyara zani.

"Ɗauki tasa biyar na hagu, ka ɓace mini da gani. Biyar nic ce. Na san ba ka iya ƙirga ba, dibi yatsun hannunka."

Tana can tana fama da wuta ta ji muryarsa daga zaure. "Na ɗauki biyar, na ƙara da rabon taubashi."

"Allah shi ƙara maka ciwon baya," ta amsa.

Ta ɗauka ludayi ne ko goro, irin abin da ya saba sunkucewa. Ashe kwallar ya runguma, ya haɗa ta da kayan taimakon. Ya ji da ɗan nauyi, amma namiji mai kunya ba ya buɗe rufaffen kwanon mace, ko da kuwa taubashiyarsa ce. A kan wannan kaɗai Maliki yake da kunya, kuma ita ce ta jawo aikin.

Sai ranar Juma'a, da ta shiga turara ɗaki, ta ga gurbin kwallar fayau. Nan take ta gane kwallar ta bi kayan Argungu. Ta zauna a bakin gado ta daɗe, sannan ta yafa mayafi ta nufi tasha. Ta same shi a kan buhunan albasa yana cin gyaɗa.

"Sauko, ɓarawo."

"Taubashi ba ya sata, ɗauka shi kai. Mi ya hwaru?"

"Likkahwanina kak kai Argungu."

Gyaɗar ta tsaya masa a wuya. Ya yi tari, ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta. Sai ya sauko ya buɗe mata ƙofar gaba da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Suna wuce gonakin bayan gari Maliki ya buɗe baki. Dama shiru ba ya zama a bakinsa.

"Ni ban ga abin gaggawa ba. Yau za ki mutu?"

"In dai cikin motar ga ta, ban hidda rai ba."

"Kwantar da hankalinki. Ke ba mai mutuwa ba ta. Ran da anka zo ɗaukar ranki, ciniki za ki tsaya yi har a gaji a koma."

"Kai kuwa ba a ko wahalar zuwa. Warin albasa kawai za a bi."

"Kuma wa ka aje likkahwani cikin kwalla? Mutane na sa nasu a akwati."

"Akwati ɓarawo ka hwara buɗewa. Ban san akwai ɓarawon kwalla cikin dangi ba."

Motar ta faɗa rami, kan Riskuwa ya bugi rufi. Ta yi salati, ta ce in ya kashe ta kafin su isa, to ya sani tsirara za ta tashi ta bi shi har gida.

Waɗanda ruwa ya kora suna zaune a wata makarantar firamare a gefen Argungu, kowane aji gida biyar ko shida. Malama Sauda na tsakar fili tana rabon tabarmi. Da ta ga Riskuwa ta saki aikin ta durƙusa ta gaishe ta.

"Hajiya da kanki? Ai mun ga saƙo, Allah shi saka da alheri. Tasoshin nan sababbi ƙal, sai da mata sunka yi ta shahwa su."

"Kwalla hwa?" in ji Riskuwa. "Mai ɗaurin ɗankwali."

"Yadda taz zo haka munka ba da ita, ba mu kwance ba. Hauwa'u munka ba, wata mai jego. Ran da ruwa yac ci ɗakinta, washegari ta haihu. Daga ita sai zanen jikinta ta hito."

Sauda ta wuce gaba, suka bi ta. Tun kafin su kai ajin ƙarshe Riskuwa ta tsaya cak. A kan igiyar da aka ɗaura tsakanin taga da bishiyar dogon yaro, ƙananan fararen ƙyallaye ne guda shida a shanye, iska na kaɗa su. Ta san yadin kamar yadda ta san tafin hannunta.

Maliki ya matso kusa da kunnenta. "An riga ki shiga likkahwanin," ya ce, amma a hankali, kuma bai yi dariya ba. Ya tsaya daga waje, ita ta shiga.

A kusurwar ajin an rataya babban yanki an yi labule. A bayansa wata yarinya ce da ba ta wuce shekara ashirin ba, tana zaune a tabarma, ta yi ɗaurin ƙirji da wani yankin. A cinyarta jaririya ce naɗe a cikin sauran, tana barci. Kwallar na gefe cike da ruwan zafi.

"Hauwa'u, ga mai kwallar," in ji Sauda.

Yarinyar ta yunƙura za ta durƙusa, Riskuwa ta dafa kafaɗarta.

"Inna, ke ta?" in ji yarinyar. "Kwana biyu ɗiyar ga na cikin tsumman buhu. Maza na wucewa, ni ba abin da zan kare jikina. Da nib buɗe kwalla nig ga yadi, nic ce wadda tas sa wanga ta taɓa haihuwa, ta san abin da mai jego ka so. Kullum sai na yi miki addu'a ban san sunanki ba."

Riskuwa ta zo da magana a bakinta, tun daga Birnin Kebbi take jera ta. Ta dubi labulen, ta dubi almakashin da ke kan taga, ta dubi ɗan ƙaramin hannun da ya fito daga cikin ƙyallen. Zuciyarta ta yi zafi, gaskiya ta yi zafi, don shekara tara tana turara yadin nan. Amma da aka miƙa mata jaririyar, ta ji ƙanshin turarenta a jikin sabon mutum, sai zafin ya sauka, maganar kuma ta bi shi.

"Ki riƙa wanke shi a hankali," ta ce. "Da zamzam anka jiƙa shi."

Hauwa'u ta rufe fuska da hannu biyu.

Daga waje muryar Maliki ta shigo ta taga. "In an zo suna, don Allah kar a sa mata Riskuwa. Za ta tashi da rowa."

"A sa mata Maliki," in ji Riskuwa, "in ana son ta tashi da ɗauke-ɗauke."

Matan ajin suka kwashe da dariya, har mai jegon da hawayenta.

Da suka koma mota Riskuwa ta zauna tana kallon gabanta. Maliki bai tayar da injin ba. Ya tura hannu bayan kujera ya yi ta lalube, ya jawo wata jakar leda da ta sha ƙura, ya aje mata a cinya.

"Mi na na?"

"Tsarabar da kinka kawo mini. Kin ce in yi amfani da shi da wuri, ban samu lokaci ba."

Ta buɗe. Yadin ne, ko ninkinsa ba a warware ba. Ta kai shi hanci, ta kawar da kai.

"Maliki, shekara tara likkahwanin Makka na bayan kujera da albasa?"

"Direba ni ke. Inda mutuwata ta hi kusa, nan na aje shi. Ɗauka, naki na."

Ta daɗe tana shafa yadin. Ta san shi kam ba zai taɓa ganin Makka ba, kuma ta san abin da ya sa bai taɓa rabuwa da jakar ba duk da iskancin bakinsa. Idanunta suka cika, ta yi maza ta goge da bakin mayafi, ta ce ƙurar motarsa ce.

"Ba ni karɓar sadaka hannun bawana," ta ce. "Ni dai za ni aje shi, in hidda mishi warin ga. Wanda yar riga, shi ɗauka."

"Na yarda. Ke ta babba, kuma ɗiyar namiji. Ba ni shiga gabanki, bismilla."

"A'a. Bawa ka hwara shiga ya share wuri."

"To sai dai yadin shi ruɓe yana jira."

"Shi ruɓe," in ji Riskuwa, ta rungume jakar tana dariya. "Sauka ka nemo masu tura mota, ni yau ba inda za ni sai gida."