Rasuwar Dattijuwa, Motar Yayana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ban san inda zan kai ta ba, nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar Dattijuwa, shuɗiyar motar gidanmu. Ta cika ranar Talata da hantsi a hawan gada, tana da shekara talatin da ɗaya. Ni nake tuƙa ta.

Marigayiyar motar yayana ce. Bakanike ne shi, kuma shekara ashirin babu hannun da ya taɓa injinta sai nasa. Da safe takan yi tari sau biyu, kir-kir, kir-kir, kafin ta tashi, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Bara ɓarin jikin Yaya ya shanye, harshensa ya yi nauyi, makulli ya dawo hannuna. Ni kuwa tela ne. Tun daga nan aikinta guda: Litinin da Alhamis ta kai shi asibiti a gasa masa ƙafa da hannu. Kujerarta ta gaba ce kaɗai yake iya shiga ba tare da ya yi nishi ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga kulochi. In na taka sai ya yi laushi, giya ta ƙi shiga. Bakaniken bakin layinmu ya ce famfon sama ne, wanda ke tura mai in an taka. Muka sa sabo a ƙofar gida. Ina ciki ina takawa, shi yana ƙasa yana buɗe noti yana fitar da iska, har ƙafata ta sage. Kulochi ya yi ƙarfi na kwana biyu, ya sake nutsewa ƙasa bai dawo ba. Ya ce to na ƙasa ne. Shi ma muka canza, muka zuba sabon mai, muka sake fitar da iska har sau huɗu.

Duk wannan a kan idon Yaya aka yi, yana zaune a kujerarsa bakin zaure. Ya yi ta ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna ƙarƙashin bonet, yana fitar da wata kalma da ta ƙi fita daidai. Na ɗauka tausayin motar ne yake cinsa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, an kusa gamawa, na sa matarsa ta mayar da shi ciki saboda rana.

Ranar Talata na fita gwaji. A tsakiyar hawa kulochi ya tafi ƙasa, motoci na ta yi mini oda a baya. Maimakon in kashe ta in nemi a tura ni, sai na danna giya da ƙarfin tsiya. Ta ce ƙarrr, ta ce ƙwas, ta yi shiru.

A gareji aka tabbatar haƙoran giyabos sun kakkarye, kuma an daina samun irinsa. A nan ne babban bakanike ya sa a taka kulochi, ya nuna mini wani ɗan tiyon roba tsakanin famfunan biyu. Da an taka sai ya kumbura, mai na tsattsafowa ta wata 'yar tsaga. Famfunan da muka cire ƙalau suke. Sai a lokacin na gane kalmar da Yaya yake ta faɗa. Tiyo yake cewa.

Ta rasu ta bar famfuna biyu sababbi, da tayar safaya da ba a taɓa sawa ba, da akwatin sifanun Yaya a but. Ta bar maigidanta da ya rasa zuwa asibiti sau biyu ke nan, saboda mun gwada shi a babur mai ƙafa uku ya kasa jurewa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, lokacin da janwe zai ɗauke ta daga gareji zuwa wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Za a karɓi gaisuwa a shagona, ba a gida ba. Ina roƙon duk wanda ya shiga gida kada ya ta da maganar a gaban Yaya. Shi a saninsa tana wurin gyara, kuma ban samu bakin gaya masa ba tukuna.