Banɗakin Da Ya Ci Gasa

Jama'a, makon nan da kwalbar fitsarin matata a aljihu na yini. Ina zagaye asibiti ina neman ɗakin gwaji, ina gaisawa da mutane a karkace kamar mai ɓoye zinare.

Uwargidan tawa ɗinki take yi a kasuwa. Kwanaki ta fara kukan raɗaɗi wurin fitsari, ta shiga ta fito, ɗigo biyu, ta sake komawa. Muka ce zafin gari ne. Sai ga zazzaɓi da rawar sanyi, kwiɓinta kamar ana soka mata allurar keke. Wallahi nan na tsorata.

Likita ta duba sakamako, ta ce ƙwayoyin cuta ne suka taru a mafitsara, da suka ga ba mai korarsu sai suka haura ƙoda. Ta rubuta magani, ta ce a shanye shi tas ko an ji sauƙi, a sha ruwa sosai, kuma a daina riƙe fitsari.

"Likita, a ina zan sake shi?" in ji uwargida. "Banɗakin kasuwarmu a kulle yake tun bara."

Ai kuwa. Bara ya ci gasar tsafta, tun ranar kuma shugaban kasuwar, Mai Girma Uban Tsafta, Garkuwan Tayil, ya ɗana masa kwaɗo. Mata suna matsewa daga safe har magariba, ruwa ma tsoronsa suke.

Na wanke ƙafa na je ofishinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a buɗe mana."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "Malam, ka san abin da mutane suke yi a banɗaki kuwa?"

Na ce ina da ɗan labari.

"To! Wurin da ya zo na ɗaya kake so a yi wa wannan aika-aikar?"

Amma mutumin kirki ne, ba ya barin talaka da kuka. Washegari ya sa aka cire famfon kasuwa, wai daga tushe ake kashe matsala: ba sha, ba fitsari. Maƙwabcina mai shayi ya ce shi ma an fara yi masa wani irin kallo.

Yanzu uwargida tana gida. In ta koma rumfa, ƙoda ce za ta ji jiki; in ta zauna, masu kawo ɗinki su watse mu yi ta hamma.

Jiya Mai Girma ya zo dubiya, da mai hoto a bayansa. Na karrama shi da ruwan sanyi, gora bayan gora. Jawabi ya yi nisa sai na ga ya fara harɗe ƙafafu, gumi yana tsattsafo masa.

Ya sunkuyo ya raɗa mini, "Malam, ina kewayenku?"

"Ga shi can, ranka ya daɗe, amma a kulle. Bana mu ma mun shiga gasa."

Uwargida ta yi dariya har da dafe kwiɓi. Shi kuwa kasuwa ya nufa a guje, kuma ina jin da mabuɗi a hannunsa.