Wasalin Da Ya Cinye Abincin Daren 'Yata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗaga murya a gaban mutane ba, ni da ko kaza ba na iya kora da ƙarfi. Sau ɗaya na yi haka a rayuwata, kuma a wannan sau ɗayan ni ce marar gaskiya.

A Badar ta ƙasar Saudiyya muke zaune, maigidana yana aikin gonar dabino. Autarmu Ruƙayya ta samu kwalejin koyon jinya a Madina, kuma saboda nisa dole ta zauna a sakan, wato gidan kwanan ɗalibai. A lokacin ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci na mata ba. Sai da furfura ta fara fito min kafin na iya rubuta sunana da Larabci, to kun san sabon mai karatu. Kwalin madara, allon bakin titi, takardar magani, babu wanda zan wuce ban tsaya na haɗa baƙinsa ba.

Cikin takardun da aka ba ta akwai ta zaɓen abinci, wadda iyaye za su cike su sa hannu. Babanta ya ce ta cike kawai ya dangwala. Na ce a'a, ai yanzu akwai mai karatu a gidan. Na sa tabarau, na gyara zama.

Layi uku ne, kowanne da ɗan akwati a gabansa. Na farko an rubuta ifɗar. Na ce wannan buɗa-baki ne, azumi kuwa da saura, kuma gida za ta zo ta yi shi. Na tsallake. (A gida fuɗur muke ce wa karin kumallo, ban san a takarda ifɗar ake rubuta shi ba.) Na biyu gada, abincin rana, na yi masa alama. Na uku baƙi huɗu ne: ain, shin, alif da hamza. Na karanta, isha'i. Na yi tunani, na ce tambaya suke ko za ta riƙa fita masallaci sallar isha'i. Yarinya sabuwar zuwa, a garin da ba ta saba ba? Ta yi abarta a ɗaki. Na ja masa layi, har biyu.

Ni da Alƙur'ani na saba, da littafin aji, inda kowane baƙi yake ɗauke da wasalinsa. Takardar ofis kuwa ba a sa mata wasali. Asha ce, abincin dare. Kalmar da nake faɗa kullum in na gama kwashe tuwo.

“Ummi, kawo in duba,” in ji Ruƙayya da Larabci (tana jin Hausa sarai, bakinta ne ya fi sauri da Larabci).

“Ke kika haife ni ko ni na haife ki?” na ce, ina dariya. Na sa hannu da kyakkyawan rubutuna, na liƙe ambulan.

Wata biyu ina kiran ta kullum. “Kin ci abinci?” Ta ce alhamdu lillahi. Abin da kawai take roƙo a aiko mata shi ne dabino, ni kuwa ina ta faɗa wa maƙwabta yarinyar nan kewar gida take.

Ranar da na je ziyara da kular tuwo da miyar kuka, sai na ga wuyanta ya yi tsawo. Siket ɗin da na ɗinka mata daidai jiki, da fil ta kama shi. Ta ce karatu ne. Abokiyar ɗakinta, wata 'yar Sudan mai sakin baki, ta ce, “Wane karatu, Inna? Sau ɗaya take ci a yini. Da safe dabino da ruwa, da dare in mun rage mata burodi.”

Ban tsaya jin sauran ba. Ruƙayya tana riƙe min abaya tana “Ummi, Ummi, tsaya,” na fizge. Na shiga ofishin mai kula da sakan, ga iyaye mata zaune suna jiran layi, na wuce su duka. Da guntun Larabcina na ce amana muka ba su, ba azumi muka kawo 'ya'yanmu su yi ba. Da Larabcin ya ƙare na koma Hausa, na ce marasa imani, masu cin abincin marayu (uban yarinyar yana can Badar da ransa).

Matar ba ta katse ni ba. Da na gama ta buɗe durowa, ta zaro takarda ta ajiye a gabana. Sannan ta yi magana da Hausa, irin ta jikokin alhazan da suka zauna tun da, mai ɗan nauyin harshe.

“Inna, wannan sa hannun wa ne?”

Nawa ne. Ga shi nan, har da ɗan lanƙwasar da nake yi wa harafin ƙarshe.

Ta ɗora yatsa a layi na uku. “Me ya sa kika soke asha?”

“Ba isha'i ba ce?” na ce, kuma kafin in rufe baki na ji amsar da kaina. Wata tsohuwa a layi ta tambayi ta kusa da ita me aka ce, aka fassara mata. Ba wadda ta yi dariya. Da sun yi ma da ya fi min sauƙi.

A waje na tambayi Ruƙayya me ya hana ta zuwa a gyara tun ranar farko. Ta amsa, kuma da Hausa.

“Sun ce sai mai sa hannu ya dawo. Da Baba ya ji, da kowa ya ji. Ummi, ba ki ga fuskarki ba ranar da kika cike.”

Wata biyu yarinya tana kwana da yunwa don kada a ce uwarta ba ta iya karatu ba. Wannan ne har yau yake damuna, ba kunyar ofis ba. An gyara takardar a ranar, na koma na ba matar haƙuri, ta ce ba komai, kakarta ma haka take. Amma wata biyun nan babu ofishin da zai maido su.

Ban daina karatu ba. Sai dai yanzu in na cike takarda nakan miƙa wa wani ya duba, ko da ni na haife shi. Ruƙayya kuwa ta cika siket ɗinta har ya matse, kuma ta samu abin tsokana na har abada. In ta kira bayan magariba ba ta ko gaisuwa.

“Ummi, kin yi asha, ko isha'i kawai za ki ci?”