Laimar Kwaɗi da Iyakar Gona

Shekara uku na yi ina gadin gidan wani Bature a Abijan, don haka ba mai gaya mini abinci. Wata damina a garinmu Korgom na iske laimar kwaɗi ruwan ɗorawa a gindin kalgo, na cika hula.

Matata ta ce, "Malam, ko akuya ba ta cin wannan."

Na ce, "Akuya ta yi karatu a lakwal? Shampiyon ne a bakin Turawa, cimar manya."

Ta hana ni tukunyarta, na soya a gwangwani, na cinye ni kaɗai.

Kafin la'asar amai da zawo sun kada ni, bango na ta juyawa. Na tabbata mutuwa ce. Aka kira yayana, na riƙe hannunshi gaban maƙwabta na ce, "Yaya, ka yafe mini. Gambar da ta raba gonakinmu, ni ke matsar da ita kowace shekara."

Liman da ke tofa addu'a ya tsaya baki buɗe.

Kwana biyu gidan likita, na tashi garau. Yaya ya karɓe gonarshi, taki ashirin cif. Ni kuwa aka laƙaba mini suna Shampiyon. Har yau ko kaza ta ɓace a unguwa, sai ka ji ɗan banza ya ce, "Ku soya wa Shampiyon gwangwani guda, mu ji gaskiya."