Keken Baban Saratu da Giya Takwas

Ba zan taɓa mantawa da makon da Baban Saratu ya tafi kwas Jos ya bar kekensa a ɗaki ba. Ban ce ya bar mini in hau ba. Jingine shi ya yi a bango, ya lulluɓe shi da tsohon zanin gado, ya ce, "Maman Saratu, don Allah ko yara kada su taɓa." Yara kuwa ba su taɓa ba. Uwarsu ce ta taɓa.

Lokacin nan ne na wahalar man fetur, cikin shekarun casa'in, muna haya a unguwar Lamisula, cikin Maiduguri. Shi akawu ne, ni kuma ina koyar da kimiyya a wata firamare a unguwar Fezzan. Da ya gaji da bin layin mai, sai ya ajiye babur ya sayi keke a hannun masu kayan Kwatano. Ba irin baƙin keken nan na iyayenmu ba, keken hawa dutse ne, mai ƙosassun tayoyi. A wajen feda yana da faifan haƙora uku, a tayar baya kuma wasu a jere, ƙarami kan babba. A hannun keken akwai 'yan mariƙai biyu, hagu da dama. In ka tura na daman da babban yatsa sai ya ce ƙas, kaca ta tsallaka daga wannan faifai zuwa wancan, an canja giya ke nan.

Ni 'yar ƙasar Biu ce, a kan keke na girma, kuma na san tudu. A garinmu in kina hawa da buhun masara a kariya, sai kin sauka kin tura. Amma Maiduguri? Tudun da ya fi kowanne tsawo a unguwarmu shi ne tarin yashin masu buga bulo. To me ake yi da giya har haka a gari shimfiɗaɗɗe kamar tabarma? Wannan tambaya ɗaya ke nan. Ta biyun ita ce ta hana ni sakat: mene ne a cikin ɗan mariƙin nan da yake cewa ƙas? Yaya aka yi ya san daidai inda zai tsaya? Na tambayi maigidan ba sau ɗaya ba, amsarsa kullum ita ce, "Waɗanda suka ƙera shi suka sani." (Mutumin da ya auri malamar kimiyya bai kamata ya ba da irin wannan amsa ba, sannan ya yi tafiya.)

Ranar Asabar da hantsi na fito da keken tsakar gida, na ɗauko sukundireba. Niyyata in leƙa kawai in mayar. Na kwance murfin, na ɗaga a hankali. Na kuwa gani: wani ɗan faifai mai ramuka a jere, da ɗan sifirin siriri, da boris guda ɗaya wanda bai fi ƙwayar dawa ba. Sifirin ne ke danna boris ɗin, duk ramin da ya faɗa sai ya ce ƙas. Daɗi ya kama ni, har na ce, "Ashe!" a fili. Ina rufe baki sifirin ya yi tsalle ya bi iska. Boris ya gangara ya faɗa ƙasa, kazar maƙwabciyata Ya Falmata ta zo ta dube shi da ido ɗaya, ta haɗiye.

Na bi kazar nan har bayan randa. (Na yi tunanin yanka ta, ba zan ɓoye ba. Abin da ya cece ta shi ne ban san yadda zan yi wa mai ita bayani ba.) Na mayar da murfin, amma mariƙin ya zama kamar haƙori mai girgiɗa: ka tura shi ya tafi, ka saki ya dawo, babu ƙas, babu tsayawa. Baban Saratu kuma zai dawo ranar Alhamis.

Aka kwatanta mini shagon Alhaji Sabo a Yerwa, wani Bakano mai sayar da kayan keke. Na ciro mariƙin na ƙulle a hankici na tafi, keken kuwa na bar shi a gida don kada a gan ni da shi.

Alhaji ya juya abin a hannunsa. "Malama, ni kayan baƙin keke na sani. Amma bari." Ya shiga ciki ya jawo wani katan da ya zo masa cikin dila, ya zazzage a kan benci. Mariƙai ne iri-iri: na turawa, na ja, masu haɗe da birki, har da wanda ake murɗawa kamar totur ɗin babur. Ya ce tun da suka zo ba wanda ya tambaya, shi ma ya daɗe yana son ya san bambancinsu.

Sai ga mu, ni da dattijo mai furfura, muna ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya muna kara su a kunne. Wannan ya ce ƙas, wancan ya ce tak, wani kuma shiru. Masu sayen tib suka zo, ya ce su jira.

Wanda ake murɗawa ne ya shiga raina. Yana da lambobi a jiki, ɗaya zuwa takwas, fari tas a kan baƙi.

"Alhaji, wannan zai yi?"

"Wallahi Malama ban sani ba. Amma naki waya yake ja, wannan ma waya yake ja. Naki nawa ne?"

Na duba jikin tsohon. "Shida."

"To ai takwas ta fi shida."

Ni da nake koya wa yara lissafin awo, na gyaɗa kai na ce gaskiya ne. Ban tsaya na tambayi kaina ina sauran biyun za su fito ba. A zuciyata har na fara tsara yadda zan gaya wa maigida: ba ɓata maka keke na yi ba, ƙara maka shi na yi.

Ɗaurawar ma ta zo da nata. Sabon bai sami wuri a hannun keken ba sai da na yanke rabin robar riƙo da wuƙar yanka albasa. Na zura waya, na ɗaure, na zagaya layinmu. Giya tana shiga, amma kacar tana ta gunaguni, kar-kar-kar, kamar tana tsakanin faifai biyu ta rasa wanda za ta zauna a kai. Na ce sabunta ce, za ta saba. Daga takwas ina saukowa har biyu, amma lamba ɗaya ta ƙi shiga, komai murɗawata.

Da na yi shiru da bakina, da abin ya tsaya tsakanina da mijina. Amma ranar Litinin na hau keken zuwa makaranta, a ofishin malamai kuma na baje labari. Hedimasta Malam Bukar ya fito ya zagaya keken, hannu a baya.

"Wushe, Malama, sannu da aiki! Ke da kanki kika gyara? Ai wannan darasi ne. Ranar Alhamis ki nuna wa 'yan aji biyar da shida, su ga yadda inji yake aiki."

Na ce ba komai, ranka ya daɗe.

Da safiyar Alhamis na ce ba zan tsaya gaban yara da lambar da ba ta shiga ba. Na durƙusa na bi wayar da ido har zuwa ƙarfen nan na baya mai tura kaca, na ga wani ɗan sukuru ne ke tare shi. Na sassauta shi. Na murɗa, lamba ɗaya ta ce ƙas. Na yi murna, na mayar da ita takwas, na kama hanya. Ban gwada ta ina tafe ba, ban kuma tambayi kaina dalilin da ya sa aka sa sukurun nan a wurin ba.

Aka jera yara a inuwar dogon yaro, malamai a kan benci. Na yi bayani mai kyau, wannan kam ba zan rage wa kaina ba: ƙaramin faifai gudu, babban faifai ƙarfi, shi ya sa ake shiga yashi da shi ba a sauka ba. Na ce, "Wannan keke yana da giya takwas a baya. Zan zagaya fili, duk wadda na sa ku faɗi lambarta."

Na tattare siket na hau. "Takwas!" in ji yara. "Bakwai! Shida!" Kaca tana ta kar-kar, amma ihunsu ya rufe ta. "Uku! Biyu!" Na zo daidai gaban benci, na ɗaga kai na dubi hedimasta, na murɗa.

"Ɗaya!"

Kaca ta haye babban faifai, ta duba gaba ba ta ga wani ba, ta faɗa cikin wayoyin taya. Tayar baya ta tsaya cak. Ni ban tsaya ba. Na sauka a yashi da gwiwa da haɓa, takalmina ɗaya ya tashi ya faɗi gaban 'yan aji shida. Sai wata yarinya ta ce, "Malama, wannan ita ce ɗaya?" Shi ke nan, makaranta ta fashe. Malam Bukar da kansa ya tsinto takalmin ya kawo mini, yana cije leɓe yana cewa, "Sannu, Malama, sannu."

Na ɗauka kunyar ranar ta ƙare ke nan. Na kinkimo keken a amalanke zuwa gida, na mayar masa da zanin gadonsa, na zauna ina gasa gwiwa. Ban san yara sun watsu cikin unguwanni da labari ba, cewa Malama ta faɗi a gaban makaranta, giya ce ta kayar da ita, ita da bakinta ta ce takwas.

Da la'asar na ji sallama. Matar fastonmu ce, tare da Mama Ladi, shugabar zumuntar mata, kowacce da Littafi Mai Tsarki a hammata. Suka zauna, suka ƙi shan ruwan da na kawo.

"'Yata, mun ji abin da ya faru," in ji Mama Fasto.

Na sunkuyar da kai. "Mama, son sani ne ya ja ni. So nake kawai in ga yadda take."

"Ai haka take farawa," in ji Mama Ladi. "A ina kika samo?"

"A Yerwa, wurin Alhaji Sabo."

"Alhaji?"

"Katan guda gare shi a cikin shago. Tare ma muka yi ta gwadawa."

Suka dubi juna. Mama Fasto ta dafe ƙirji. "Da gaske takwas ce?"

"Takwas, Mama. Shida muke da ita a gida, sai na ga takwas ta fi."

"A gidan nan? Baban Saratu ya sani?"

"Ai shi ya fara kawo ta. Kullum da ita yake zuwa ofis."

Mama Ladi ta fara share hawaye. (Mijina dattijon ikilisiya ne, shi ke riƙe da makullin coci.) Ni kuma ina mamakin yadda keke ya taɓa musu zuciya haka. Mama Fasto ta buɗe Littafin Misalai, ta soma karanta wurin da ke magana a kan ruwan inabi. A nan ne kaina ya yi dum. Ashe giyar sha suke nufi.

Daidai nan Baban Saratu ya shigo da jaka a kafaɗa, fuska a murtuke, don tun daga bakin layi mai shayi ya yi masa jaje. Na ɗingisa na je na yaye zanin gadon, na nuna lambobin nan farare, na ce, "Mama, ga giyar."

Mama Ladi ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Mama Fasto ta rufe Littafi, ta ce tun da an riga an zo, a yi addu'a saboda gwiwar.

Da suka tafi, maigida ya durƙusa gaban kekensa. Ya dubi wayoyin da suka lanƙwashe, ya shafa robar da na yanke. Na shirya wa faɗa. Can ya ɗago ya ce, "To me kika gani a ciki?"

"A ina?"

"A cikin tsohon. Me ke cewa ƙas ɗin?"

Ashe shi ma tun ranar da ya sayi keken abin ke cin sa, tsoro ne ya hana shi buɗewa. Na zana masa a ƙasa da tsinke. Faɗan dai ya yi shi daga baya, da ya ga wilin sai an kai wa mai gyara.

Ranar Asabar muka tura keken gaba ɗaya har shagon Alhaji Sabo, aka sake zazzage katan. Wannan karon mun fara ƙirga faifan baya: shida, don haka sai mariƙi mai shida. Na farkon da muka ɗaura mai shida ne, amma kaca ta ci gaba da gunaguni. Mu uku muka yi ta kallo, har muka gane cewa kowane kamfani da tsawon wayar da mariƙinsa ke ja a ƙas ɗaya. Sai da muka dace da wanda sunan jikinsa ya zo ɗaya da na ƙarfen baya, sannan kaca ta yi shiru. Sukurun nan kuwa, na mayar da shi inda na same shi da hannuna.

Na dai koyi cewa kafin ka sayo wa keke sabon abu, ka tsaya ka ƙirga abin da yake da shi. Na kuma koyi cewa in manyan mata suka zo maka da Littafi a hammata, ka fara tambaya wace giya ake nufi kafin ka amsa laifi. Gyaran keken bai ɗauki mako ba. Gyaran suna ne har yau ban gama ba. Bara ma a kasuwa wani babban mutum da gemunsa, tsohon ɗalibina, ya rusuna ya gaishe ni cikin ladabi, sannan ya ɗaga murya a gaban masu tumatir ya ce, "Malama, har yanzu takwas ɗin ce, ko an rage?"